Duwatsu Bakwai Masu Zazzaɓi

Mu shida ne a gidan ran nan, wata Alhamis a ƙarshen damina. Akwai ni. Akwai ɗana na tsakiya, mai babur ɗin, wanda ke riƙe mini da gona, da matarsa. Akwai jikata, 'yar babban ɗana, wadda yaƙi ya koro daga Hartum saura mata shekara guda ta gama karatun lantarki a jami'a. Akwai usta, maƙerin bayan layinmu, da ya ƙera akwatin ƙarfen da za a sa batirin a ciki. Sai maƙwabciyata ta katanga ɗaya, wadda ba a kira ta ba, ta dai ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe ta ɗauko kujerarta ta shigo. Shekara arba'in muna zaune tare a Gadarif, ban taɓa soma wani aiki a tsakar gidana ba sai ta zo ta gaya mini ta inda zai lalace.

Riɗi ne ya tara mu. Ina da gona a kan hanyar Hawata, fadan goma sha biyu, wato kusan eka goma sha biyu, mijina ya bar mini. Shekarar nan riɗi muka zuba, ya kuma yi kyau. Wanda bai noma riɗi ba bai san halinsa ba. Dawa tana iya jiranka. Shi kuwa da ganyensa ya yi rawaya kwanaki kaɗan suka rage maka, in ka wuce su sai kwanson ya buɗe baki ya zubar da komai a ƙasa, a bar ka da kara. Mun ɗauki mutum biyar daga wajen Gallabat, sun soma yanka, sai tafkin da suke sha a gefen gonar ya ƙafe. Masu amalanken jaki duk sun tafi jigilar amfanin manyan gonaki. Sau biyu ɗana ya aika jarka ta hannun direban babbar mota, aka sauke musu a bakin kwalta suka yi dakonta a ka. Ranar Talata babbansu ya bugo waya ya ce in ba a soma kawo musu ruwa da gari kullum ba, Juma'a da safe za su ɗauki laujensu su tafi Gadambaliya, inda ake bin ma'aikata da tankar ruwa har cikin gona. Ban ga laifinsa ba. Ni ma na yi yankan riɗi da ƙishirwa, na san abin da yake nufi.

Babur ɗin kuwa, ga yadda ya shigo gidana. Tun da yaƙi ya tashi fetur ya zama abin da mutum zai wuni a layi ya dawo hannu rabbana. Ɗana ya gaji. Wata rana ya fita da baburinsa mai fetur ya dawo da wani mai lantarki, wai ya yi musaya da wani mutumin garin Madani da ya yi gudun hijira. Bai shawarce ni ba. Batiran da ke ciki irin masu nauyin nan ne na dalma, sun tsufa, su kai shi kasuwa, a dawowa shi ke turo su. Wata guda ban ce masa komai ba, kallonsa kawai nake in ya shigo yana turi yana gumi. Na san ya fi son in yi faɗa a wuce wurin, shi ya sa ban yi ba.

Jikata ce ta ce za ta iya. Tun zuwanta ba ta cika magana ba, zama take a rumfa tana gyara wa matan unguwa wayoyinsu. Ta ce a cikin batirin kwamfutar hannu da ya mutu akwai ƙananan ƙwayoyi, kowace kamar kaurin babban yatsa amma ta fi shi tsawo, litiyum ake ce wa irinsu, kuma sau da yawa ɗaya ce ko biyu suka mutu suka ja wa sauran. Mu a nan dutse muke ce wa ƙwayar batir, yadda Larabawan gari ke faɗa. Ta ce in aka tara duwatsu masu rai aka ɗinke su wuri ɗaya, za su kai babur gona su dawo da shi, kuma allunan hasken rana da ke kan rufinmu sun isa su cika su.

Na ce, "Nawa?"

Ta ce, "Ɗari biyu da arba'in, Habboba. Layi ashirin, kowane layi sha biyu."

Na tambaye ta daga ina za su fito. Ta ce daga wurin masu gyara a kasuwa, matattun da suke jibgewa a kwali. Na sa ta ta rantse ba kayan da aka kwaso daga gidajen mutane ba ne. Ta rantse. Na ce to.

Ranar farko da ta soma fasa robobin tana zazzage duwatsun, matar ɗana, don kirki, ta kawo mata babbar siniya, tiren shayi na ƙarfe, wai kada su yi ƙasa. Wasu haɗaɗɗu da ba a raba ba tukuna suka taɓa ƙarfen, wuta ta yi tsalle, fat, har yau siniyar na da baƙin tabo a gefe. Daga ranar na hana ƙarfe zuwa kusa da aikin. Na fito da fayafayaina na kaba, na ce a kansu za a riƙa jera komai.

Mako uku aka yi ana gwaji. Tana da 'yan akwatuna biyu masu ramuka takwas-takwas. Ta sa duwatsu a ciki su cika, sannan akwatin ya tsotse su ya nuna nawa kowane ke ɗauka, ta rubuta lambar a jikinsa da baƙin alƙalami, ta sake cika shi. Ni ban san lamba a rubuce ba, ina dai zaune ina tsinken wake ina kallo. Rana ta uku na miƙa hannu na taɓa ɗaya da ke cikin akwatin.

Na ce, "Wannan yana zazzaɓi."

Ta yi dariya. Ta ce, "Habboba, a Gadarif muke, tsakar rana. Har kujerar nan zazzaɓi take."

Na ce ta taɓa na kusa da shi. Ta taɓa, ta ce ita duk ɗaya take ji. Na ce ba ɗaya ba ne. Shekara talatin na yi ina sayar da kisra, gurasar dawa marar kauri, ban taɓa ɗiga ƙullu a doka, ƙarfen da ake gasa ta, don in gwada zafinta ba, tafin hannu nake ɗorawa sama da ita in san ta yi ko da saura. 'Ya'ya takwas na raina, kafin yaro ya ce kansa na ciwo na riga na ji a wuyansa. Na sa aka kwashe akwatunan daga rumfa aka kai su guttiyata, ɗakina na kara mai rufin ciyawa, inda ko da rana akwai sanyi. A can ita ma ta ji. Sai ta ce ta taɓa karanta labarinsu: akwai duwatsun da in sun kusa cika ba sa ajiye wutar, zafi suke mayar da ita, kuma lambarsu na iya fitowa da kyau kamar ta lafiyayyu. Irin wannan in aka rufe shi a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin mutum, ko ya tsotse layinsa ya tsayar da babur a tsakiyar daji, ko ya kama wuta. A jami'a suna da na'urar auna zafi. Tana can Hartum, in ma tana nan.

Daga nan aikin taɓawa ya zama nawa. Duk wanda aka sake cikawa sai ya bi ta hannuna. Cikin mako ukun na fitar da bakwai. Ta ce kada a jefa su a shara, domin ana ƙona shara kuma fashewa suke a wuta, sai an gama aiki a binne su. Na jera su a kan wani faifaina mai koren baki, na tura shi ƙarƙashin gadona. Ta ɗauko alƙalami za ta sa musu alama, na ce ta bar shi. Abin da na ajiye a ɗakina ba a taɓawa, kowa a gidan ya sani. Haka na ce mata, da bakina.

Gida biyu ta raba batirin don ya shiga akwatin usta. Rabin farko ta ɗinke shi ranar Laraba. Ranar Alhamis tun da aka idar da sallar asuba ta zauna kan na biyu. Ta jera duwatsun a tsaye cikin wata roba mai ramuka kamar saƙar zuma, tana ɗora siririn farin ƙarfe a kansu, tana danna masa wasu tsinkaye biyu na jan ƙarfe da ta haɗa da batirin mota. Ƙyas, ƙyas, kowane dutse sau huɗu. Ɗana na riƙe mata. Usta na goge bakin akwatinsa yana shimfiɗa masa robar tsohuwar taya a ciki. Maƙwabciyata na ba da labarin wani da wayarsa ta fashe a aljihu a tashar mota. Da hantsi ya yi aka gama ɗinki. Jikata ta ɗora tsinkayen mitarta ta auna wuta a kan kowane layi, ta ce duk ashirin ɗin daidai suke, saura a naɗe a rufe.

Sai matar ɗana ta fito da abincin hantsi, kisra da miyar kuɓewa, a rufe da faifai. Faifan mai koren baki ne.

Na ce, "Ke, wannan faifan daga ina?"

Ta ce, "Daga ɗakinki, Inna. Jiya da yamma da baƙi suka zo nawa duk suna kan kwanuka, na shiga na ara."

"Abin da ke kansa fa?"

"Duwatsun? Ai na zuba su cikin 'yan'uwansu a kwali. Wallahi ko ɗaya ban yar ba, har wanda ya gangara na ɗauko."

Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta ta yi abin kirki. Kwalin kuwa shi ne wanda jikata ta ɗebi duwatsun rabi na biyu daga cikinsa da safen nan. Na ga fuskar yarinyar ta canza tun kafin kowa ya gane. Ta ajiye mitar a hankali ta dafe kai.

Maƙwabciyata ta ce, "Ni dai na faɗa."

Na ce, "Me kika faɗa? Labarin waya kike bayarwa."

Ɗana ya ce, "Yumma, bakwai ne fa kawai cikin ɗari biyu da arba'in. Kuma ga shi mita ta ce lafiya lau."

Na ce, "Mitar ce za ta hau ko kai?"

Ya ce gobe Juma'a. Ya ce in mutanen nan suka tafi ba zai sami wasu ba sai riɗin ya gama zuba, shi ya yarda zai hau haka, in ya ji ɗumi ya sauka. Usta ya kurɓi shayinsa ya ce shi dai akwati aka ce ya ƙera, amma in murhu ake so a gaya masa ya huda masa wurin ɗora tukunya. Ba wanda ya yi dariya sai maƙwabciyata. Matar ɗana ta soma kuka. Na ce ta yi shiru, laifin rabi nawa ne, da na bari an sa alama da ba a kai nan ba. Ban saba faɗin irin wannan a gaban mutane ba, amma gaskiya ce, kuma kukan na hana ni tunani.

Jikata ta ɗago ta ce, "Habboba, in na kwance duka na sake gwada su ɗaya-ɗaya, kwana huɗu ne. Kuma ba ni da sauran ƙarfen ɗinki da zai isa."

Na ce, "Wa ya ce ki kwance duka? Biyar jajaye ne, biyu shuɗi mai haske."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Kullum da safe sai na jawo faifan na duba ko wani ya kumbura, yau ce kawai aikin nan ya ɗauke mini hankali. Ki tambayi ubanki ko na taɓa manta launin abin da na ƙirga."

Duwatsun nan kala-kala ne, da kore da ja da ruwan toka da shuɗi, kowane da irin kwamfutar da ya fito. Ta zazzage ragowar kwalin a kan tabarma, ta tsince jajaye da masu shuɗi mai haske, ta cika 'yan akwatunanta da su. Rabin batirin da aka ɗinke yau kuwa na sa ɗana da usta suka ɗauke shi a kan katako suka kai guttiya, aka ja waya daga allunan rufi aka jona shi da babbar caja. Na ce in dai suna ciki, da sun kusa cika za su nuna kansu.

Kafin in taɓa sai da ta yi mini sharuɗɗa kamar ni ce jikar. In cire zobena na azurfa da awarwaro. In sa takalmin roba, in zauna a busasshiyar tabarma. Hannu ɗaya zan yi aiki da shi, ɗayan in riƙe shi a baya, kuma kada yatsuna biyu su taɓa layi biyu a lokaci guda. Zoben sai da aka sa sabulu ya fita. Ni ma na kafa nawa sharaɗin, na ce ba mai shigowa ɗakin sai ita, domin jikin mutane na ɗumama wuri. Suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna tare mini haske har na kore su.

Aka yi ta jira. Sa'a guda ba abin da ya motsa, ƙarfen sanyi ƙalau. Ina bin layi-layi da kan yatsana na tsakiya, in na gama layi in fita in dafa jikin randa hannun ya huce, in goge shi sarai da zane, in dawo. Ana kiran azahar na ji na farko, a layi na uku, ja ne. Ba zafi ba ne sosai, ɗumi ne kamar na goshin yaron da ya soma. Na ce, "Kawo alƙalaminki." Ta zana masa alama, na ga bakinta na motsi. Na biyu ya fito a layi na takwas, shi ma ja. A cikin 'yan akwatunan kuma huɗu suka ɗau zafi, jajaye uku da shuɗi ɗaya, waɗannan ita da kanta ta ji su.

Shida ke nan. Saura shuɗi ɗaya.

Masu shuɗi mai haske tara ne a cikin ɗinkin. Na bi su sau biyar, ba wanda ya fi ɗan'uwansa. Inuwar katanga ta soma tsawo. Wayar ɗana ta yi ƙara, babban ma'aikatan ne, yana tambaya ko su soma ɗaure kayansu. Na ji ɗana na cewa, "Ku yi haƙuri, ya zol, bawan Allah, ina nan tafe kafin magariba," da muryar wanda bai san ko gaskiya yake faɗa ba. Ya leƙo ya ce, "Yumma, shida sun isa. Wataƙila ma na bakwan bai shiga ba." Maƙwabciyata ta ce ƙila ya gangara ƙarƙashin gado. Matar ɗana ta nemi izini ta shigo da rarrafe, ta lalube ƙarƙashin gadon da bayan akwatina, ba komai sai ƙura.

Jikata ta ce a hankali, "Habboba, ko kin yi kuskuren ƙirga? Ba laifi ba ne."

A lokacin ne na tuna. Cikin masu shuɗin nan biyu akwai wanda ya kusa tsere mini tun ranar gwaji. Bai ɗau zafi tare da sauran ba, sai da fitilar akwatin ta koma kore, har na miƙa hannu zan cire shi in sa cikin lafiyayyu, sannan na ji shi. Na tambaye ta fitilar babbar cajar wane launi take. Ta ce ja, amma ta kusa. Na ce to mu jira ta.

Ɗana ya fita waje yana zagaya babur. Na ji usta na ce masa ya zauna, uwarsa ba ta taɓa sayen tukunya ba tare da ta ƙwanƙwasa ta ba, ba yau za ta soma ba. Fitila ta koma kore. Na ce a bar wayar a jone. Na ƙirga tasbihi ɗari a yatsun hannun da ke bayana, na fita na dafa randa, na goge, na dawo. Na bi tara ɗin. Na shida a cikinsu, a tsakiyar layi na biyar, inda 'yan'uwansa suka kewaye shi ta ko'ina, yana nan da ɗuminsa.

Na ce, "Ga ɗan banzan."

Ta cire wayar, ta ɗauko almakashinta, ta yanke ƙarfen a kan ukun da ke da alama, sama da ƙasa, ta zare su. Na ƙarshen ta ɗora mini a tafin hannu. Na fito da shi na sa a hannun maƙwabciyata. Ta ce, "Kai! Kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza." Na karɓa na miƙa wa ɗana. Ya riƙe shi, ya taɓa ɗaya daga cikin lafiyayyu da ɗayan hannun, ya miƙo mini shi. Na karɓa. Na sa matarsa ta cika tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi, na binne bakwan a ciki, na ajiye a gindin katanga, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa wannan tukunyar ba ta aro ba ce.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Ta zaɓo uku daga ragowar da suka wuce gwajina tun farko, ta auna su, ta zura, ta ɗinke. Ta haɗa gida biyun, ta jona wani ɗan allo mai siraran wayoyi da yawa, kowace waya zuwa layinta, ta ce shi ne mai gadi, in wani layi ya cika ko ya ƙare kafin sauran shi zai tsayar da komai. Ta naɗe da kwali mai kauri, ta sa wata shuɗiyar leda ta hura mata zafi har ta lafe a jiki. Ya shiga akwatin usta cif, ko yatsa ba zai shiga gefe ba. Usta ya ce a rubuta a ajiye, shi bai taɓa auna abu sau biyu ba. Na ce na gan shi jiya ya auna sau uku.

Aka ɗaure akwatin a cikin babur. Ɗana ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Wata 'yar fitila ta kama, shi ke nan, ba ƙara ba hayaƙi.

Maƙwabciyata ta ce, "Ya mutu. Hajja, babur ɗinku ya mutu tun bai tashi ba."

Ya murɗa hannun. Abin ya zabura da shi, saura kaɗan ya shiga turken awaki, ya taka burki ƙafarsa na jan ƙasa. Awakin suka watse. Tsofaffin batiran ba su taɓa yi masa haka ba.

Aka yi sallar la'asar. Muka ɗaura masa jarka biyu na ruwa, ɗaya kowane gefe, da garin dawa da busasshen kifi da sukari a baya. Jikata ta ce kada ya yi gudu, in ya isa ya taɓa akwatin ya bugo mata. Ya fita. Na ɗauki kujera na zauna a ƙofar gida, abin da ba na yi. Bai bugo ba, daga baya ya ce mantawa ya yi. Yarinyar ta kasa zama, ta share rumfa, ta sake share ta. Maƙwabciyata ta zo ta zauna kusa da ni, wannan karon bakinta a rufe.

Rana ta yi ja, liman bai kira ba tukuna, na ji ƙwal-ƙwal daga kan kwana. Jarkokin ne, babu komai a ciki, suna bugun juna. Shi babur ɗin ba a jin sa. Ɗana ya tsaya a gabana, ƙura har gira, da damin riɗi a ɗaure a bayansa. Ya ce sun sha, sun ɗora tukunya, sun kwance kayan da suka ɗaure. Ya ce babbansu ya zagaya babur ɗin sau biyu yana neman inda ake zuba fetur.

Maƙwabciyata ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ta ce ya mutu. Matar ɗana ta karɓa. Mata suka leƙo ta katanga. Ni na tashi na ɗora tafina a kan akwatin, na bi shi gefe da gefe, sama da ƙasa. Ɗumin rana ne da na hanya, ko'ina daidai. Jikata ta sa mitarta ta ce bai ci rabi ba, zai iya sake zuwa ya dawo, in aka ba shi ranar safe kuwa har da saura.

Na ce, "Bashmuhandisa, aikinki ya yi." A gaban kowa na faɗa. Da can in na kira ta haka, wato babbar injiniya, tsokana ce, ta kuwa ji bambancin.

Ta ce in ta buɗe shago a kasuwa ni za ta ɗauka in riƙa auna mata zafi. Na ce ba na aiki a ƙarƙashin yara, amma ta riƙa kawo su gida. Usta ya ce akwai mutum uku a layinsu masu irin wannan babur ɗin a jingine, gobe zai gaya musu. Na ɓare kwanso ɗaya daga damin a tafin hannuna. Riɗin fari tas, cike, bai soma zuba ba.

Washegari na bar akwatin ya sha rana har hantsi. Na yi kisra mai yawa na naɗe a zane. Da ɗana ya gama ɗaura jarkoki na ɗaure mayafina tamau na ce ya matsa gaba. Ya ce, "Yumma, hanyar ba kyau." Na ce na san hanyar tun ba a haife shi ba. Shekara uku rabona da gonar saboda gwiwa da tsadar mota. Na zauna a karkace, kisra a cinyata, hannu ɗaya a kafaɗarsa. Muka fita gari ba ƙara, ina jin kukan tsuntsaye da maganar mutanen da muke wucewa. Da muka isa mutanen biyar suna cikin yanka. Na gaishe su, na ba su abinci, na bi dammunan da suka tsayar ɗaya bayan ɗaya, na sami biyu da ɗaurinsu ya yi sako-sako na sa aka sake. Sannan na ari lauje a hannun babbansu, na shiga ta gefen gabas inda ganyen ya fi rawaya, na soma yanka.